Gidan da Boni Ya Sa wa Rigar Roba

Sunan da aka raɗa masa a coci Boniface ne, amma tun shigarsa aikin Reluwe abokan aiki suka gutsure sunan ya koma Boni, kuma ba su kyauta masa ba. Duk wanda ya zauna a Kano ya san abin da mace ke faɗa in miya ta kife mata ko an aiko mata da mugun labari. Dafe ƙirji take yi ta ce, "Na boni!" Shi dai bai taɓa ɗaukar abin da zafi ba, wasa ma ya mayar da shi. Ko a tsakiyar kasuwa ya ji wata ta ce ta boni, sai ya waiwaya ya cire hula ya ce, "Ga ni, Hajiya," a kwashe da dariya. Haka ya yi ta yi har kansa ya yi furfura.

A Sabon Gari aka haife shi, a wani gidan ƙasa mai rufin kwano da ubansa ya sa maginan Fagge suka gina masa. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, bayan ɗakin kwanan yana kallon titi. Sau ɗaya ya taɓa barin Kano da niyyar zama, lokacin tashin hankalin da ya kai ga yaƙin basasa. Ya je ƙauyensu can bayan Anacha, ya tarar shi baƙo ne a cikin danginsa. In ya yi yaren Ibo sai a ce bakinsa na Hausawa ne, in ya yi tuntuɓe sai "wayyo Allah" ta kufce masa, har suka laƙaba masa suna Malam. Ana gama yaƙi ya dawo shi kaɗai, don ubansa da suka tafi tare ya rasu a can. Ya tarar da makullin gidan a hannun wani malami a Fagge, aminin ubansa, wanda bai bar damina ko ɗaya ta faɗi ba tare da ya sa an yi wa bangon yaɓe ba. Ɗan malamin nan, Wali, akawu ne a tashar jirgi, kuma shi ya zama aminin Boni har tsufa.

Aikin Boni a Reluwe gyaran cikin tarago ne. Ƙa'idar da ya koya a wurin manyansa ita ce a fara daga sama: silin tukuna, sannan a bi bango allo bayan allo ana saukowa, a ƙare da ledar ƙasa, don kada a tattake abin da aka riga aka gama. Ya ƙware ƙwarai. In ya shimfiɗa leda a tarago, sai ka durƙusa ka shafa kafin ka gane inda ya haɗa ta. Ya yarda da hannunsa fiye da yadda ya yarda da kowa, kuma a gaskiya hannun bai taɓa ba shi kunya ba. Jiragen ne suka ba shi kunya. A zamanin soja suka yi ta raguwa har ciyawa ta rufe dogo, awaki suka mayar da ƙarƙashin tarago wurin shan inuwa, daga baya aka tara su Boni aka yi musu godiya aka ce su tafi gida.

Matarsa Bridget, wadda kowa ke kira Maman Ebere, ta shekara da shekaru tana sayar da shinkafa da miya a bakin tasha. Mace ce mai juriya, ba ta da mita sai a kan abu ɗaya, wato ɗakin kwanansu. Da damina ta kankama sai daɓen ya fara gumi, gindin bango ya yi baƙi har gwiwa, takalman zuwa coci su yi funfuna, katifa ta riƙa warin rijiya. Kowace shekara kafin ruwa Boni zai kira magini a kwaɓa ƙasa a lalube tsaguwa a yi yaɓe. Yaɓen yana riƙe bango, amma bai taɓa korar danshi ba. A cikin ɗakin nan sanyi ya shiga ƙashin Bridget, har ta kai in ta farka sai ta dafa gado ta dafa bango kafin ta miƙe.

Da aka koma mulkin farar hula rediyo ta cika da alkawari, har aka ce jirgi zai dawo. Jirgi bai dawo ba. Rikici ne ya dawo, aka sake gudu bariki da tabarma a kai, aka sake dawowa ana leƙa shagunan da suka ƙone. Maƙwabta suka fara ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka Ebere, 'yarsu tilo da ke aure a Anacha, ta haihu, Bridget ta shirya tafiya jego kamar yadda kowace uwa ke yi. Boni bai damu ba sai da ya ga ta sa an ɗaure turminta da igiya, turmin da uwarta ta ba ta ranar aure. A nan gabansa ya faɗi, don ya san mace ba ta tafiya jego da turmi.

Jego ya ƙare, jika ya fara rarrafe, ya fara tafiya, Bridget shiru. Lokacin wayar hannu ta shigo gari, masu lema da ke buga wa mutane waya a biya su sun cika bakin titi, sai Boni ya je gindin wata lema ya sa aka kira masa lambar surukinsa. Yadda suka saba tun aurensu, ita tana yi masa yaren Ibo, shi yana amsawa da Hausa.

"Baban Ebere, kada ka ce tsoron rikici ne," in ji ta. "Rikici nawa na gani a garin nan? Ɗakin nan ne ba zan koma ba. A nan da ƙafafuna nake tashi da safe, ba da rarrafe ba."

"In ɗakin ya bushe fa?"

Mai lema ta fara kallon agogo. Can ta ce, "In ya bushe zan dawo. Ai ba ka yi mini laifin komai ba."

Da wannan maganar ya kwana, da ita ya tashi. Mutumin da ya saba a jiƙa masa gari a zuba masa miya, ga shi yana cin burodi da shayi a tsaye, ba mai yi masa faɗa in ya shigo da taɓo a takalmi. Kewarta ta dame shi ƙwarai, ba ya ma ɓoyewa.

Sai ga ɗan abin sallamarsu na Reluwe ya fito bayan an gaji da jira. Ya nufi kasuwar Sabon Gari sayen leda, a shagon wani mai kayan gini, Onyekachi, ya ci karo da wasu dogayen alluna farare tas na roba, sababbin shigowa, waɗanda masu hali suka fara yin silin da su. A jikin kwalinsu akwai hoton wani gida na ƙasar waje, an lulluɓe bangonsa da irinsu tun daga sama har ƙasa.

"Ruwa yana ratsa shi?" in ji Boni.

Onyekachi ya fasa ledar ruwan sha ya tsiyaya a kan allon. Ruwan ya gangare bai bar ko ɗigo ba. Ya nuna masa yadda ake haɗa su: kowane allo gefe ɗaya yana da baki, ɗaya gefen yana da harshe, harshen wannan ya shige bakin wancan. Ya kuma faɗa masa gaskiya cewa shi bai taɓa ganin wanda ya sa su a bango ba, a silin kawai ya sani. Boni ya yi murmushi irin na wanda aka zo garinsu. Harshe da baki ai shi ne aikinsa na shekara da shekaru. Ya juye abin sallamar nan kaf, ya sayi alluna da katako da ƙusa da gam da leda shuɗiya mai zanen tayil, aka loda masa a kura.

Bai kira kowa ba. Ya fito da tsohuwar jakar aikinsa, ya wasa zarto, ya kafa siraran katako a jikin bangon ƙasar nan ta waje, sannan ya hau tsani ya fara daga ƙarƙashin kwano. Allo na farko a can sama, na biyu ya tura bakinsa sama ya haɗiye harshen na farko, haka yake saukowa, layi a miƙe kamar an ja da zare. Rani ne, rana tana dukan ƙeyarsa, amma har waƙa yake yi. Rabon da a ji muryarsa haka tun ana busa usur a tasha.

Malam Wali, wanda shi ma an sallame shi, yakan tako daga Fagge da hantsi ya zauna a kan benci yana kallo, wani lokaci ya riƙe masa bakin allo.

"Boni, wai bana ba yaɓe ke nan? Na ga magina sun fara zagaye."

"Yaɓe ya ƙare, Malam. Na sa wa gida riga. Ka taɓa ganin an shafa wa mutum mai a kan riga?"

Malam Wali ya ja da baya ya ƙare wa bangon kallo, ya gyaɗa kai. "Wallahi kamar banki. In Maman Ebere ta zo wucewa za ta yi, ta ce ba gidanta ba ne. Gama naka ka zo ka yi mini zaure."

Da ya gama waje ya shiga ciki ya lulluɓe bangon ɗakin da sauran allunan. Ya kankare daɓe, ya cike ramuka, ya shafa gam, ya shimfiɗa leda yana bin ta da tsumma yana korar iska. Ya manne ta har gindin bango, bai bar ko kafar da tururuwa za ta bi ba. Mutanen layi suka yi ta zuwa kallo, masu acaɓa suna rage gudu. Duk cikinsu ba wanda ya ga wani aibu, don ba wanda ya san aikin. Kowa yabo yake yi da zuciya ɗaya.

Ga abin da ba wanda ya lura da shi. A cikin tarago ba a ruwa, saboda haka ba ruwan kowa da inda bakin allo ya kalla. A bangon waje kuwa daga ƙasa ake farawa, na sama ya rufa a kan na ƙasa, ruwa ya bi ta kai ya wuce. Boni ya fara daga sama yadda hannunsa ya saba, sai kowane allo ya tsaya da bakinsa a buɗe yana kallon sama. Ga shi ya toshe bangon ciki da waje, ba rana ba iska. Aikin ya yi kyau iyakar kyau, kuma kyan nan ne ya hana kowa ganin abin da ke bayansa.

Damina ta sauka da ƙarfinta. Boni yakan tsaya a tsakiyar ɗaki ba takalmi ana sheƙa ruwa, ya shafa bango ya ji shi a bushe, ya yi dariya shi kaɗai. Ya koma gindin lema ya ce wa Bridget, "Ɗaki ya bushe. Ki zo a tsakiyar damina ki gani da idonki, kada ki ce na jira rani na yaudare ki." Ta ce za ta zo a watan Agusta.

Ba za a ce bai ji komai ba. Wani lokaci in ruwa ya ɗauke yakan ji wani abu ya zube a bayan roba, sululu, sai ya ce ɓera ne. Ɗakin ya fara wani wari mai nauyi, sai ya ce gam ne bai gama bushewa ba. Ƙofa ta fara cijewa, ya fere gefenta ya rage ta. Tsoro ya zo masa sau da yawa, amma ɓalle allo ɗaya a duba yana nufin ɓata aikin da ya kira matarsa ta zo gani, shi kuwa ba zai iya ba. Ya aika wa Ummakulsum, matar Malam Wali, ta aiko masa da turaren wuta.

Bridget ta iso da safe a doguwar bas ta kudu, ana yayyafi irin na marka. Boni yana tsaye yana kallon kayan da ake saukewa daga cikin bas, akwati, buhun garin rogo, jarkar manja. Sai ga turmi an mirgino shi, ɗaure da igiyarsa. Ya juya baya ya share ido da hula don kada 'yan dako su gani.

A ƙofar gida ta tsaya ta riƙe baki. Ta shiga ɗaki ta cire takalmi, ta taka ledar nan a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta shafa bango da bayan hannu. Sannan ta zauna daɓas a ƙasa ta miƙe ƙafafu, abin da ta shekara goma ba ta yi ba a ɗakin nan, ta yi dariya har da hawaye.

"Baban Ebere, kai kaɗai ka yi wannan?"

"Ni da Malam. Shi ne mai ba da umarni daga kan benci."

Ba a jima ba Malam Wali da Ummakulsum suka iso da kwanon waina da miyar taushe na sannu da zuwa. Aka gaisa, aka tambayi jika, aka ci aka sha. Bridget ta buɗe akwati ta fito da ɗan gicciyen katakon da ya saba zama a saman gadonsu, wanda ta tafi da shi tare da turmi, ta miƙa wa mijinta.

"Mayar da shi wurinsa," in ji ta.

Boni ya ɗauko guduma da doguwar ƙusa, ya ƙwanƙwasa allo ya gano daidai inda katako yake a baya, ya saita ya buga sau ɗaya. Ƙusar ta shige har kai, kamar an soka ta a gwanda. Ya tsaya. Ya sa yatsa biyu ya zaro ta ba tare da ya yi ƙarfi ba. Ta ramin sai wani jan ruwa ya ɓullo, ya gangaro a kan farin bangon a hankali har ya taɓa ledar.

Ummakulsum ta dafe ƙirji. "Na boni!"

"Ga ni, Hajiya," in ji shi, can ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya yi dariya.

Ya sa bakin guduma ya ɓalle allon, ya ɓalle na ƙasa da shi. Babu bango. Daga daidai ƙirji zuwa sama ƙasar ta narke ta zube, ta taru a gindi ta zama taɓo, katakon da ya kafa ya ruɓe ya yi baƙi. Abin da yake hange ta ramin bayan robar waje ne, hasken gari yana ratso ta. Bangon da ubansa ya gina, wanda uban Malam Wali ya yi wa yaɓe duk tsawon yaƙi, damina ɗaya ta cinye shi. Kwanon rufin ma a kan kusurwoyi kawai yake zaune.

Ya fita cikin yayyafi ya tsaya a titi ya kalli aikinsa. Sai a lokacin ya ga yadda ruwa ke gangarowa daga kwano, ya shige bakin allo na farko, wanda ya tsira ya shige na biyu. Ba ɗigon da ke kaiwa ƙasa. Ya daɗe a tsaye, guduma a hannu, har Malam Wali ya fito ya jawo shi.

"Ka yi haƙuri, Boni. Bayan damina sai a kira magina a tayar da shi."

Boni ya ajiye guduma. Su duka sun san ba abin da ya rage da za a tayar da bango da shi, kuma ko an tayar, bangon ƙasa ne dai, zai yi gumi kamar na da.

Da Bridget ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ɗauki gicciyen ta goge shi da bakin zane ta mayar cikin akwati, ta ce, "Ka yi ƙoƙari, Baban Ebere. Ban taɓa ganin ɗaki mai kyau irin wannan ba." Sannan ta dube shi. "Zo mu tafi tare. Ebere tana da ɗaki."

"In je in yi me? In zauna a gindin bishiya yara suna ce mini Malam? A nan aka binne cibiyata."

"To ni kuma tun ina amarya ake ce mini bayan damina. Gwiwoyina ba za su kai wata ba."

Kowa gaskiyarsa ya faɗa. Ummakulsum ta ce ba za a kwana a ƙarƙashin kwanon nan ba, ta tafi da Bridget Fagge. Shi Boni ya ƙi zuwa, ya ja tabarma ɗaya ɗakin.

Washegari da la'asar bas ɗin kudu za ta tashi. Turmin yana nan a tsakar gida inda aka sauke shi, ko igiyar ba a kwance ba. Mai baro ya zo zai ɗora, Boni ya hana shi. Ya naɗa gammo ya ɗora turmin a kansa, tsoho da shi, ya bi bayan matarsa har tasha, ya tsaya sai da ya ga an tura shi cikin bas an rufe. Bridget ta leƙo ta taga ta ce ya riƙa cin abinci mai zafi, wannan karon da Hausa ta faɗa. Ya ce to.

Da ƙafa ya dawo. Yayyafi ya wanke robar waje tas, tana ta ƙyalli, ba abin da ya nuna daga titi. Yana laluben makulli wani mai acaɓa da ya saba wucewa ya taka birki.

"Baba Boni, wallahi gidan nan ya yi kyau! Madam ba ta zo ta gani ba har yanzu?"

"Ta gani," in ji Boni.

Ya tura ƙofar ta cije, sai da ya sa kafaɗa sannan ta buɗe.